Almakashin Tela

Shekara goma sha tara bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Tela, kuma ba wani bangon kirki ba ne, don in ya yi atishawa daga kan katifata nake yi masa addu'a. Gidan haya ne mai ɗakuna goma sha ɗaya a ƙasa, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, da ƙofar ƙarfe mai fita titi. Wanda ya mallaki gidan yana zaune a sama da iyalinsa, shi ya sa muke ce masa Mai Bene. Ni facin taya nake yi a bakin titi, taku ashirin daga shagon Tela. Da safe tare muke fita, da yamma tare muke dawowa, ina tsokanarsa a hanya yana yin kamar kunnensa ya toshe.

Abin tsokanar kuwa a jikinsa yake. Daga ƙugu zuwa sama, Tela kamar riga ce aka rataye a ƙusa. Hannuwa sirara, ƙirji ba faɗi, wuya kamar na tsohon zakara. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuma wani mutum ne daban. Tun yana ɗan shekara goma sha shida yake taka keken ɗinki, bai taɓa yarda da mai lantarki ba, wai ba ya jin maganarsa. Shekara arba'in da shida na taka ƙarfe sun mayar da cinyoyinsa kamar tayar tirela. Na sha gaya masa ranar da ake rabon jiki ya makara ne, aka haɗa masa saman wani da ƙasan wani, aka ce ya je ya yi maneji.

Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Ya'yansa mata biyu suna aure a nesa. Wanda ya rage masa a ɗaki shi ne Auta, kuma Auta suna ne kawai. Shekararsa ashirin da bakwai, in ya tsaya a bakin ƙofa sai ka nemi fitila. Da can dako yake yi a tashar manyan motoci, buhu biyu yake ɗauka a tashi ɗaya. Shekara huɗu ke nan da ciwo ya kama shi a ƙwaƙwalwa. Mutanen unguwa suna da sunayen da suke kiran abin, uban kuwa ba ya cewa komai sai ciwon Auta.

In yana lafiya, kuma mafi yawan lokaci lafiyarsa ƙalau, ba ka da abokin hira kamarsa. Shi ke guga a shago, shi ke sa maɓalli da waɗannan manyan yatsun nasa. Baba Faci yake kirana, kullum yana roƙona in daina zuba ƙusa a titi don in samu aiki. In ciwon zai tashi kuwa, kwana biyu kafin nan sai ya daina cin abinci, ya fara cewa ana maganarsa a cikin bango. A rana ta uku sai ya nufi ƙofa. Ba ya neman kowa da faɗa. Fita kawai yake so ya yi, ya gudu ya bar muryoyin nan, amma duk abin da ya tarar tsakaninsa da titi, mutum ne ko bokiti, sai ya ture shi.

A shekarar farko dangi suka taru suka ba Tela shawara, aka kai Auta wani gida a bayan gari inda ake ajiye masu irin ciwonsa. Wata uku ya yi a can. Da ya dawo, a idon sawunsa duka biyun akwai gyambo zagaye kamar an sa masa munduwa, kuma ya yi wata biyu bai ce wa kowa uffan ba. Ni na riƙe kwanon ruwan ɗumi Tela yana wanke gyambon. A ranar ya ce mini muddin yana numfashi, ba mai sake kai ɗansa can. Daga nan ya koma wajen likita, aka ba su ƙwayoyin sha kullum, da wata allura ta ranar da abin ya tashi. Mai Kemis na kan kwana shi ke zuwa ya yi ta, takardar likitan tana wajensa.

Haka aka lallaɓa har wata hantsi da Auta ya ture ubansa a bakin ɗaki, ya fito tsakar gida, ya yi karo da matar Mai Bene tana saukowa da kwanon wanki. Ta faɗi a kan matakala, wuyan hannunta ya karye. Mai Bene ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Ya bari sai da aka ɗaure hannun, sannan ya kira Tela, ya kira ni a matsayin shaida.

"Tela, ba na son in raba ka da ɗanka," in ji shi. "Amma akwai yara a gidan nan. In ya sake fitowa tsakar gida a wannan hali, ba zan yi shawara da kai ba. Ni da kaina zan kira mutanen gidan can na bayan gari su zo su ɗauke shi."

Tela ya ce ya ji. Muka sauko, ya zauna a kan matakalar ƙarshe ya kasa tashi.

Ba abin da bai lissafa ba. Kwaɗo an taɓa gwadawa, Auta ya yi ta buga kansa a ƙofa har jini ya rufe masa ido. Igiya kuwa Tela ba ya bari ta kwana a ɗakinsa, ko ta shanya ce. Maza su taru su danne shi, to da rana duk suna wajen nema, kuma in mutum huɗu suka hau shi sai abin ya ƙara muni. Daga lokacin da Auta zai nufi ƙofa zuwa lokacin da Mai Kemis zai iso da allura, minti goma ne. Minti goman nan kawai Tela yake nema, kuma bai taɓa iya riƙe ɗansa na minti ɗaya ba.

Kofur ne ya shigo maganar. Mai gadi ne a wani babban ɗakin ajiyar kaya, yana haya a ɗakin ƙarshe kusa da banɗaki. Ba wanda ya taɓa ganin takardar da ta ce shi kofur ne, amma tafiyarsa ta isa shaida. Ya yi shekaru yana zuwa wani wuri inda ake koyon irin kokawar nan da faɗuwa ba ta gama ta, sai ma an kai ƙasa ake farawa. Shi ma ba zai iya tsare mana Auta ba, don aikinsa yau dare gobe rana, ciwo kuwa ba ya duba jadawalin kowa. Ya tambayi Tela yadda yake faɗuwa in an ture shi. Tela ya ce kullum da baya, kuma kullum Auta yana kansa, don yakan cafki rigarsa su tafi ƙasa tare. Kofur ya ce ya ɗaga wandonsa zuwa gwiwa. Ya kalli ƙafafun nan, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe Baba Tela ya daɗe yana faɗuwa daidai, abin yi a ƙasan ne ba a gaya masa ba.

Aka kawo tsohuwar katifa bayan shago. Kullum da yamma sai a tura Auta gida ya ɗora tukunya, a ja ƙofar shagon rabi. Kofur ya ce shi zai tsaya yana gyara, saboda haka ana bukatar wuyan da za a gwada a kai. Duka suka juyo suka kalle ni. Na ce ni da girmana ba zan sa kaina tsakanin cinyoyin tsoho ba. Da na kai ƙara wajen matata, sai ta ce in je, ko wuyan ya yi amfani sau ɗaya tunda bakin da ke samansa bai taɓa yi ba.

Ga yadda abin yake, don na san shi ta ciki. Kana kwance da baya, mutumin yana kanka tsakanin ƙafafunka. Ka kama wuyan hannunsa ɗaya ka tura shi wajen cikinsa, ɗaya hannun ka jawo shi gabanka. Ka ɗaga ƙugu ka jefa ƙafa a kan kafaɗarsa ta gefen hannun da ka tura, ƙafar ta kwanta a ƙeyarsa. Ka kama ƙwaurinka da hannu, ka ɗan juya jiki, sannan ka ɗora bayan gwiwar ɗaya ƙafar a kan idon sawun ta farko. Shi ke nan an rufe. Kansa da hannunsa ɗaya suna ciki, ɗaya hannun yana waje. Kofur yana da wani suna na yaren da ya koya da shi, Tela ya saurara ya ce ai almakashi ne, sunan kuma ya zauna.

Kofur ya ce riƙo daban, matsa daban. In ka rufe kawai, mutum ba zai iya tashi ba amma yana numfashi. In yana neman fin ƙarfinka, sai ka haɗa gwiwoyi ka jawo kansa ƙasa, cinyarka ta danne jijiyar wuyansa ta gefe ɗaya, kafaɗarsa ta danne ɗaya gefen. Wannan ba wasa ba ne, in ji shi, in an daɗe ana iya rasa mutum. Shi ya sa akwai doka guda da ba a karyawa. Wanda aka kama, in ya ji ya kai, sai ya bubbuga tafin hannunsa sau biyu a cinyarka ko a ƙasa.

"Ka matsa a hankali har ya bubbuga," in ji Kofur. "Da ya bubbuga ka saki. Ko zaginka ya gama yi, ka saki."

Ni dai ban ba dokar nan kunya ba. Tun Tela bai ɗaga ƙafa ba nake bubbugawa, har Kofur ya ce in na sake zai ɗaure mini hannu. Ranar da na daure na bari aka matsa da gaske, sai na ga shagon yana duhu daga gefe-gefe kamar wuta ta yi ƙasa, kunnena ya cika da ƙara. Na bubbuga har da ƙafa. Da aka sake ni na ce wa Tela daga yau ya daina ɗinki, ya zo wajena ya riƙa cire taya daga ƙarfe, ba ma bukatar guduma.

Bai yi dariya ba. Tun ranar matakala ya daina. Ƙarfi akwai a ƙafar, amma ƙugun ɗan shekara sittin da biyu da ya ƙare rayuwarsa a kan kujera ba ya buɗewa. Ya jefa ƙafa ta tsaya a haƙarƙarina. Ya sake, jijiya ta ɗaure masa, ya yi ta juyi a katifa yana cije leɓe, da ta sake shi ya ce a ci gaba. Da safe ina jinsa ta bango yana nishi, ya naɗe tsumma a tafin ƙafa yana jawo ta wajen fuskarsa. Kofur ya ce ya huta kwana biyu, Tela ya ce ciwon Auta bai ba shi kwana biyu ba. Wata rana ya yi sau goma sha ɗaya bai rufe ko ɗaya ba. Ya kwanta yana kallon silin, ya ce mana jiya ya tsaya yana kallon Auta na sa takalmi, tabon nan yana nan bai gushe ba. Na mayar da kaina inda yake na ce ya yi na goma sha biyu.

Sau ɗaya Auta ya dawo ɗaukar mabuɗi ya tarar da mu a haka. Tela ya yi sauri ya ce motsa jiki ne na ciwon baya, likita ya sa shi. Auta ya yi dariya har da riƙe ƙofa, ya ce a ƙara matse Baba Faci ko ƙaryar da ke cikinsa ta fita. Sati shida muka yi kafin Kofur ya ce ya iya.

Ba a yi wata ba alamu suka fara. Auta ya ture kwanon abinci, ya fara kasa kunne a bango. Rana ta uku ban buɗe wajen aikina ba. Kofur yana bakin aiki. Matata ta tsaya a ƙofar gida da takalminta a ƙafa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe na ji kujera ta faɗi a ɗakin Tela, na ɗaga mata hannu ta ruga wajen Mai Kemis, ni kuma na leƙa.

Suna ƙasa a bakin ƙofa. Tela ya rufe almakashin tsaf, yadda bai taɓa yi a kaina ba. Auta yana gurnani, ya ɗaga uban gaba ɗaya daga ƙasa ya sake buga shi, ya ja shi taku ɗaya wajen ƙofa. Sai Tela ya haɗa gwiwoyi ya jawo kan. Idonsa a rufe, bakinsa yana motsi.

"Bubbuga, Auta. Bubbuga mana, ɗana."

Ni ma ina tsaye ina kallon hannun Auta na waje, ina jiran ya bubbuga. Hannun ya yi ta yaƙushin siminti, ya kama ƙafar gado, ya saki. Daga nan ya kwanta shiru, tafin yana kallon sama. Gurnanin ya tsaya. Na ce Tela ya saki, ya ce bai bubbuga ba. Na faɗa kansu na kama ƙafarsa da hannu biyu ina ja ina yi masa ihu a kunne, sannan ya buɗe ido ya ga abin da ke tsakanin cinyoyinsa.

Muka juya Auta. Fuskarsa ta canja kala, idonsa a buɗe rabi. Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila bai kai a ƙirga goma ba, amma na tsufa a cikinsa. Sai ƙafarsa ta harba, ya ja wani dogon numfashi, ya fara tari. Mai Kemis ya iso ya tarar da shi zaune yana kalle-kalle, ya yi masa allura ba tare da an riƙe shi ba. Mai Bene ya leƙo daga sama ya ga tsakar gida ba kowa, ya koma ciki.

Da Kofur ya dawo na ba shi labari, sai ya cire hular aikinsa ya zauna a ƙasa. Ya ce duk mutumin da ya taɓa kamawa a rayuwarsa, an koya masa bubbugawa tun ranar farko kafin ya taka katifa. Bai taɓa kama wanda bai sani ba, shi ya sa abin bai zo masa a rai ba. Mu uku, manya da gemu, sati shida muna maimaita doka, ba wanda ya tuna cewa wanda aka yi dokar dominsa ba a gaya masa ba. Mu ne ma muka ɓoye masa.

Kofur ya ce gyaran ɗaya ne, a koya wa Auta. Tela ya ce ba zai iya kallon idon ɗansa ya ce masa ya yi sati shida yana koyon shaƙe shi ba. Ya ce kuma ya gama da almakashi. Ya ji lokacin da yaron ya tafi, a cinyarsa ya ji, kuma ba zai sake ji ba. In ciwon ya dawo zai kwanta a bakin ƙofa kawai, abin da Allah ya yi shi ke nan. Na ce masa ya san abin da hakan ke nufi. Ya ce ya sani. Kwana tara ban ji ƙarar kekensa ba. In na leƙa sai in gan shi zaune, ƙafafunsa a kan abin takawa, ɗinkin mutane a tare a gefe.

Rana ta goma Auta ya zo wajena, jikinsa ya warware, ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallona ina neman huji a cikin ruwa. Ya ce ba ya tuna komai sosai in abin ya wuce, sai gutsattsari. Amma akwai wanda ya tsaya masa.

"Baba Faci, wace ƙofa Baba yake ta cewa in bubbuga?"

Kowa ya san bakina ba shi da marfi. Na so in ce mafarki ya yi, amma sai na ji ina ba shi labari tun daga matakala. Maganar Mai Bene, katifa, tsumman da uban ke jan ƙafa da shi, wuyana, duka. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya shafa wuyansa, ya tashi ya tafi ba sallama. Na zauna ina zagin kaina, tayar mutane tana jiƙa a ruwa.

Da yamma na gan shi ya nufi shago, na bi shi a baya, Kofur ma ya fito daga wajen mai shayi ya biyo mu. Auta ya shiga ya jawo katifar daga bayan kabad ya shimfiɗa. Ya ce wa uban ya daina wahalar da Baba Faci, wuyansa ba irin nasa ba ne, in za a gwada a gwada a kan mai shi. Tela ya kasa ɗaga kai. Auta ya durƙusa a gabansa.

"Baba, a wancan gidan na yi wata uku ina bubbuga ƙofa, ba wanda ya buɗe. In na bubbuga maka, za ka saki?"

"Zan saki."

"Ko ina cikin ciwon?"

"Ko kana ciki."

Ni da Kofur muka kalli juna muna murna kamar wawaye. Ba mu tsaya mun auna abin da aka yi alkawarinsa a gabanmu ba.

Wata biyar suka yi, kullum bayan an rufe shago. Auta ya ce so yake hannunsa ya haddace, ko da kansa ba ya nan. Kofur ya gaya musu gaskiya, ba shi da tabbacin hakan zai yiwu, kuma ya koya wa Tela ya riƙa kallon hannun da sauraron numfashi, kada ya sake matsawa da ido a rufe. Keke ya dawo da ƙara. Ni kuma aka sallame ni daga aiki ba ko godiya, sai Auta da ya ce in ajiye wuyan, wataƙila a bukace shi a matsayin na canji.

Ciwon ya dawo wata ranar Laraba, bayan azahar. Mun ga alamu, mun shirya. Mata sun shigar da yara ɗaki. Matata ta ruga wajen Mai Kemis, ta ja sakatar ƙofar gida ta waje kamar yadda muka tsara. Kofur yana ɗakinsa yana barcin aikin da ya kwana yi. Na tsaya a bakin ɗakin Tela. An faɗi, an rufe, komai daidai. Auta ya yi ta kokawa, Tela yana riƙe, idonsa a kan hannun. Minti biyar, shida. Da Auta ya fara miƙewa da shi sai Tela ya ɗan haɗa gwiwa. Hannun nan na waje ya tashi, ya sauka a cinyar uban sau biyu.

Na kalli idon Auta, ciwon yana nan daram, ƙofa kawai yake kallo. Na ce wa Tela kada ya saki, ya sassauta kawai, Mai Kemis yana hanya, saura kaɗan. Tela ya kalle ni. Ya ji ni sarai. Sannan ya ɗaga ƙafarsa daga kan idon sawun.

Auta ya bi ta kaina kamar ba ni a wurin. Ya fita tsakar gida, ya daki ƙofar ƙarfen da kafaɗa har gidan ya amsa, ya sake dukanta, ya juyo ya yi karo da famfo, bututun ya tsinke ruwa ya yi sama. Kofur ya fito da singileti, Mai Kemis ya shigo da ƙannensa biyu, suka taru a kansa cikin ruwa har aka samu aka yi allurar. Ba wanda ya ji ciwo sai haƙarƙarina. Da na ɗaga kai sai ga Mai Bene a tsakiyar matakala, wayarsa a hannu, matarsa a bayansa.

Tela bai iya miƙewa ba, ƙugunsa ya riƙe. Da rarrafe ya fito, ya ratsa ruwan har gindin matakala. Bai ba da haƙuri ba, bai ce ba za a sake ba. Ya ce Mai Bene ya yi gaskiya, akwai yara a gidan. Ya roƙe shi abu ɗaya, ya mayar da wayar aljihu, su za su bar masa gidansa kafin sati ya zagayo. Mai Bene ya daɗe yana kallon Auta da ke kwance a jiƙe, kansa a cinyar Kofur. Matarsa ta ce masa wani abu a hankali. Ya sa wayar a aljihu ya ce sati ɗaya, ya hau sama.

Da muke ɗaure kaya na kasa haƙuri. Na ce masa minti uku ne suka rage, minti uku kacal, da yanzu yana ɗakinsa. Yana naɗe tabarma bai juyo ba.

"Ya bubbuga, Mai Faci. Yana cikin wancan hali ya tuna ya bubbuga. In na ƙi saki ranar nan, ba zai ƙara yi ba, kuma ka ga abin da ke faruwa in bai yi ba."

Na ce to gobe ma haka za a yi, ya bubbuga, a sake shi, ya fita. Ya ce wataƙila. Ya ce Kofur zai nuna masa yadda ake saki a koma wani riƙon da ba ya taɓa wuya, in ƙugunsa ya yarda. Bai yi kama da wanda ya yarda ƙugun zai yarda ba.

Ba mai gidan da ya karɓe su, labari ya riga su zuwa ko'ina. A shago suke zaune yanzu, sun raba shi da labule, gado a ciki, risho a gefen teburin guga. Shagon ba shi da tsakar gida, ba shi da ƙofa ta biyu. Ka taka waje taku huɗu kana kan kwalta, inda manyan motoci ke wucewa ba sa rage gudu. Nakan ɗaga kai daga aikina sau ba adadi a rana in duba wajen.

Tela ya jawo kekensa ya gicciye shi a bakin ƙofa, ya bar 'yar hanya da sai mutum ya karkace zai wuce. Kujerar tana ta waje, don haka yanzu fuskarsa tana kallon cikin shago, bayansa yana kallon titi. Masu kawo ɗinki da ƙeyarsa suke ciniki. Jiya na tsaya a bayansa na ce masa ƙeyar ta fi fuskar fara'a, da tun da can ya juya da ya fi samun kasuwa. Auta ya yi dariya daga wajen guga. Tela ya ce in matsa, na tare masa haske.